Sharhin Baitoci Uku A Kan Jinyar Mai Barin Giya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wanda ya tuba ya bar shan giya,
Kwana ukun farko akwai shan wuya.

Ka sani, ya ɗan'uwa, wannan baiti yana magana ne a kan wanda ya daɗe yana sha kullum, ko fito na dawa da ake dafawa a Bawku da Yendi, ko akpeteshi wadda aka halatta sayar da ita a dokar Gana a 1962. Giya tana danne ƙwaƙwalwa kamar yadda linzami yake danne doki. Ƙwaƙwalwa kuwa sai ta saba da ja da ƙarfi. Ranar da aka cire linzamin farat ɗaya, sai ta zabura. Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe hannu zai fara rawa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace. Farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko. Mafi tsanani yakan zo a kwana na 2 zuwa na 4: mutum ya rikice, ya ga ƙwari suna bin bango, zazzaɓi ya rufe shi. Wannan yana kisa.

Kai shi ga likita, faɗi gaskiya,
Kada ka ɗaure shi da igiya.

A nan ne mutanen zango suke kuskure. Sai su ce iska ce ta taɓa shi, su kulle shi a ɗaki. Addu'a ba a barin ta, amma a yi ta a bakin gadon asibiti. Akwai asibitin gwamnati a Salaga da Yendi, akwai na mishan a Bawku, in abin ya gagara a tura shi babban asibitin Tamale. Abin nufi da "faɗi gaskiya" shi ne a gaya wa likita nawa yake sha, da yaushe ya sha na ƙarshe. Kunya a wannan wuri cutarwa ce, domin da wannan bayani ake auna magani.

Maganin nan da awo, ka jiya,
In ya wuce awo ya zam rijiya.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne diazepam, wanda aka sani da Valium, ya fito a 1963, ko chlordiazepoxide, wato Librium, na 1960. Aikinsu su riƙe linzamin a madadin giya, sannan a riƙa rage su kaɗan-kaɗan har a daina cikin kamar mako guda. Mai ciwon hanta ko tsoho, likita yakan zaɓa masa lorazepam. Ana kuma yi masa allurar bitamin B1, domin mashayi yana ƙarancinsa, rashinsa kuwa yana lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya rasa tunawa.

Wani almajiri zai ce, ashe ba musanya maye da maye aka yi ba? Amsa ita ce, abin da likita ya auna don ceton rai, na kwanaki ƙididdigaggu, daban yake da abin da mutum ya saya a kemis don kansa. Na biyun nan shi ne rijiyar da baiti ya ambata. Valium tana kama mutum kamar yadda giya take kamawa, kuma in aka haɗa su biyun numfashi yana iya tsayawa cikin barci.

Bayan makon ya wuce akwai naltrexone mai rage sha'awar giya, da disulfiram mai sa amai da bugun zuciya in an kurɓa. Ba a fara ko ɗaya daga cikinsu sai likita ya duba hanta.