Sanyaya Furosesa da Injin Firji: Wanne Ya Dace da Zafin Kebbi?

A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Fanka ba ta iya sauke furosesa ƙasa da zafin ɗaki, shi ya sa mai son ƙara mata gudu fiye da saitin kamfani, wato overclocking, kan nemi na'ura mai kwamfireso irin na firji.

Iri biyu ne. Na farko ana ɗora bakin sanyinsa kai tsaye a kan furosesa, yana iya kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili. Na biyu, chiller, ruwa yake sanyayawa ya zagaya, kuma ana saita sanyinsa.

Haɗarin shi ne raɓa. Yadda gorar ruwan sanyi ke gumi, haka madabod zai yi. Da damina, musamman a Argungu da ke bakin gulbin Rima, ɗigo ɗaya ya isa ya ƙona shi. Don haka chiller ya fi dacewa, a tsayar da ruwan wajen digiri 25.

Sai batun wuta. Kwamfireso na jan lantarki sosai yayin tashi, wanda ba shi da inbata mai ƙarfi da sitabilaiza gara ya tanade su tukuna.