Darasin Mako: Yadda Ake Farfaɗo Da Tsohuwar Mota A Gida

 A wannan makon za mu leƙa Ingila, inda wasu kan sayi tsohuwar motar ƙawa da ta mutu, su gyara ta da hannunsu a garejin gida. Misalinmu shi ne MGB, ƙaramar motar da aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sama da guda 500,000. Injinta silinda huɗu ne da kafireta biyu.

Ga yadda aikin ke tafiya:

1. A ɗauki hoto kafin a kwance komai. Kowane noti a sa shi a leda, a rubuta inda aka cire shi, domin aikin kan kai shekaru kuma mutum yana mantuwa.

2. A fara da tsatsa. A can ana zuba gishiri a tituna lokacin ƙanƙara, shi ke cinye ƙarfe. MGB ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da nauyinta. Idan ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi ya ruɓe, motar kan lanƙwashe a tsakiya har ƙofa ta ƙi rufuwa. Sai an yanke wurin an yi waldar sabon ƙarfe.

3. Birki kafin inji. Motar da ta tashi amma ba ta tsayawa ajali ce.

4. Fenti ne na ƙarshe.

Sai mu kula da abu biyu. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sai an tokare ta. Kada kuma a tayar da inji a rufaffen gareji, domin a hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari amma tana kisa.

Wanda ya shafa fenti a kan tsatsa, ba da jimawa ba fentin zai kumbura. Haka ɗalibin da ya haddace amsa bai gane darasi ba, ranar jarrabawa asirinsa ke tonuwa. Mu gyara tushe tukuna.

Aikin gida: mu tambayi bakaniken unguwarmu inda tsatsa ta fi cin tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. A kawo wa kulob amsa kafin Juma'a.