Amfilifaya mai nauyi ko marar nauyi: wacce ta fi daɗin sauti?

Tambaya: Ina da tsohuwar amfilifaya ta Japan da na gada a gidanmu, mai nauyin gaske, wadda muke jin karatu da waƙoƙi da ita. Yanzu wuta ba ta tsayawa, mun koma sola da batir, ita kuwa tana shanye batirin. An nuna mini wata ƙarama marar nauyi da ake kira rukunin D, amma wani aminina da ya san kayan sauti ya ce muryarta a bushe take, masana ba sa kallonta. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Abu Na'ama, jihar Sinnar, Sudan.

Amsa: Malam, amininka ba ƙirƙirar maganar ya yi ba, ya ji ta ne daga masu sha'awar sauti da suka daɗe suna faɗinta. Sai dai magana ce da ta yi daidai shekaru talatin da suka wuce, yau kuma ta tsufa.

Bari mu fara da abin da ke cikin akwatin. Aikin amfilifaya shi ne ta ɗebo wuta ta tura wa lasifika gwargwadon hawa da saukar murya. Tsohuwarka kusan tabbas 'yar rukunin AB ce. Ka san ƙofar ruwa a bakin magudanar ban-ruwa: taransistocinta kamar ƙofar da aka buɗe rabi ne, suna tare wani kaso na wutar, suna sakin wani. Wanda aka tare ɗin ba ya komawa batir, zafi yake zama. Shi ya sa kake ganin faffaɗan ƙarfen alminiyon mai haƙora a jikinta, shi da katuwar taransifoma su ne nauyin da kake ji. 'Yar rukunin D kuwa ƙofarta ko dai a buɗe gaba ɗaya, ko a rufe ruf, kuma tana buɗewa da rufewa sau dubu ɗari uku, ɗari huɗu ko fiye a daƙiƙa guda. Tsawon lokacin da take buɗe a kowane bugu shi ke ɗauke da siffar muryar. Kafin wutar ta isa lasifika, akwai matata ta naɗaɗɗiyar waya da kafasita da ke tace wannan bugun mai sauri, ta bar sautin. Kunnen ɗan Adam ba ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, don haka bugun ya fi ƙarfin jinsa nesa ba kusa ba.

Ga abin da ya shafi batirinka. Ko a lissafin takarda, irin tsarin tsohuwarka ba ya wuce kashi 78.5 cikin ɗari na amfani da wuta, a aikace kuma yakan tsaya wajen 50 zuwa 65 idan an ƙure ta, ya faɗi ƙasa sosai idan an rage murya. Rukunin D yakan kai kashi 90. Idan ana son wat 50 ya isa lasifika, tsohuwar za ta ja wajen wat 83, sabuwar wajen 56. Ƙara da cewa tsohuwar wutar gida mai bolt 230 take so, sai ta bi ta inbata, ita ma inbatar ta ci nata rabon. Sabuwar kai tsaye ake haɗa ta da batir.

To daga ina baƙin jinin ya samo asali? Daga na farko-farkon. Kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar da wata mai suna X-10 a 1964, aka tallata ta da wat 10, ba ta iya ba da ko rabinsa ba. Sony ya yi tasa, TA-N88, a ƙarshen shekarun 1970, ba ta yi kasuwa ba. Matsalolin na gaske ne: taransistocin lokacin ba su da saurin da ake buƙata, kuma matatar nan takan yi rigima da lasifika, sai siraran muryoyi su yi kaifi a kan wata lasifikar, su dushe a kan wata. Wanda ya ce sautin a bushe yake a wancan zamani, kunnensa bai yaudare shi ba.

Abin ya sauya daga ƙarshen shekarun 1990. Kamfanin Tripath na Amurka ya fito da ƙananan guntayen lantarki masu arha da suka ba mutane mamaki, Bang & Olufsen na Denmak ya kafa sashen ICEpower don rukunin D, sannan wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, ya tsara da'irar UcD a kamfanin Philips, wadda ke duba abin da ya fito bayan matata ta gyara kuskurensa nan take. Da wannan aka kashe rigimar matata da lasifika. Daga baya ya yi Ncore a kamfanin Hypex. Yau kamfanoni irin su NAD, wanda sunansa ya fito da amfilifayar 3020 ta rukunin AB a 1978, suna sa rukunin D a kayansu mafi tsada.

Akwai kuma abin da masu sha'awar sauti ba sa son a tuna musu. A watan Janairun 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji: aka daidaita ƙarfin muryar amfilifayoyi daban-daban, daga mai arha ta Pioneer zuwa masu kwan gilashi na dubban daloli, aka hana masu sauraro sanin wadda ke aiki. Ba su iya bambance su da tabbaci ba. Har yau ana gardama a kan gwajin, amma ni ina ganin darasinsa ya tsaya: wadda ta ɗan fi ƙara, ko kaɗan ne, ita kunne ke cewa ta fi daɗi, kuma ido idan ya ga nauyi da ƙyalli yakan sa baki a hukuncin. Idan za ku gwada da amininka, ku yi amfani da lasifika ɗaya, ku daidaita ƙarar, wani yaro ya riƙa sauya waya a bayan labule.

Kada ka ɗauka duk ƙaramar da ke kasuwa ta kai waɗanda na ambata. Yawancinsu guntu ɗaya ne a ciki, kamar TPA3116 na Texas Instruments, wanda ba shi da laifi, amma abin da aka kewaye shi da shi ne ke bambanta su. Kada ka yarda da wat 500 ko 1000 da ke jikin kwali. Batir mai bolt 12, idan ba a ɗaga wutarsa ba, abin da zai iya bai wa lasifika mai om 4 bai wuce wat 18 ba kafin murya ta fara fashewa. Ya ishi ɗaki da tsakar gida. Don taron biki ko lasifikar masallaci sai ka haɗa batir biyu su ba da bolt 24, in dai an rubuta cewa tana ɗauka. Sannan ka tafi da rediyonka wurin saye, ka kama tasha a gajeren zango ko matsakaici, ka kunna amfilifayar kusa da shi. Marasa kyakkyawar matata suna watsa hayaniyar da ke danne tashar, kuma mai jin labarai da asuba ba zai yafe wannan ba.

Tsohuwar kuma kada ka sayar da ita da arha. Mai gyaran rediyo a Singa ko Sinnar zai iya buɗe ta ya canza taransista ɗaya ya mayar maka, alhali sabuwar kayanta ƙanana ne manne da allo, idan ta ƙone galibi sai dai a sake allon dungum. Abin da ke kashe tsohuwar shi ne zafi: kafasitocinta sukan rasa kusan rabin kwanansu da kowane ƙarin digiri 10, ga shi zafinku na Afrilu da Mayu yana haura 40. Ka sa a busa mata ƙura, a duba kafasitocin da suka kumbura, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa don ranar da wuta ta daidaita.

Shawarata, ka sayi ƙaramar don sola. Kuɗin da ya rage ka zuba shi a lasifika mai kyau, domin a nan ne bambancin da kowa zai ji yake, kuma lasifikar da ta fi wata ƙara da desibel 3 ta rage maka rabin wutar da za ka ja daga batir.