Gwal Zalla da Ruwan Gwal: Abin Lura Kafin Saye

Sarƙa ko awarwaro da ake cewa gwal ne ciki da waje ba kasafai yake zama zinariya tsantsa ba, domin mai karat 24 tana da laushi ƙwarai, shi ya sa maƙera ke gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa; hatimin 750 a jikin kayan yana nufin karat 18, wato kashi 75 cikin ɗari zinariya ce, 875 kuma karat 21, yayin da 925 ke nuna azurfa mai inganci. Ruwan gwal kuwa siririn rufi ne da ake ɗorawa galibi a kan tagulla ta hanyar lantarki, wanda gumi da turare da gogayya suke cinyewa sannu a hankali, musamman a zobe, har ƙarfen da ke ƙarƙashi ya bayyana ya bar kore a fata.

Saboda haka abin da za a sa kullum ya fi dacewa ya zama gwal ciki da waje, mai rufi kuwa a bar shi don biki, a cire shi kafin wanka ko wanki, a share shi da ƙyalle mai laushi ba tare da dirzawa ba. Azurfa kuwa tana yin baƙi idan ta daɗe a iska, amma gogewa tana dawo da haskenta.