Bayan Albashin Ƙarshe: Shawara Ga Iyayenmu Masu Shirin Ritaya

A yawancin ayyukan gwamnati, wanda ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, lokacin saukarsa ya yi. Kowa ya san da wannan rana tun randa ya karɓi takardar kama aiki, amma a aikina na jinya a nan Sakaba ina ganin yadda take riskar mutane ba shiri. Ƙasar Zuru cike take da tsoffin sojoji da malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma, kuma da yawansu a shekarar farko ta ritaya suke fara zuwa asibiti da ciwon kai, rashin barci da kasala. In an auna, jini ya hau. In an zauna hira, sai ka tarar jiran giratuti ne da zaman kaɗaici ke cin su. Wani ya ci burin komawa noma, sai matsalar 'yan bindiga ta raba shi da gonarsa ta nesa.

Baba, Mama, ku fara da takardu, tun da sauran shekara biyu ko uku. Ku haɗa takardar kama aiki, ta tabbatarwa, na ƙarin girma da shaidar haihuwa a jaka ɗaya. Ku duba ko suna da ranar haihuwa sun zo daidai a fayil da NIN da BVN, domin harafi ɗaya kan riƙe kuɗin mutum wata da watanni. Wanda ke tsarin fansho na karo-karo, dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Ya riƙa neman bayanin asusunsa ya ga ko kuɗin na shiga. A sabunta sunan magaji, iyali kuma su san inda jakar take.

Sai jiki. Hawan jini ba ya sallama. A riƙa awo a kai a kai, kuma in yana kai 140/90 ko fiye, a ga ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Ta nan shanyewar ɓarin jiki ke shigowa. Gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. A rage burukutu, a taka ƙafa minti 30 kullum. Yanar ido ana cire ta mutum ya koma karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Namijin da fitsari ke yi masa gardama ya faɗa da wuri, ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciya. Mutum ya saba a tashi masa tsaye, yau babu mai neman sa hannunsa, sai ya ɗauka amfaninsa ya ƙare. Littafin Ƙidaya sura 8 ya nuna Lawiyawa kan ajiye aiki mai nauyi a shekara 50, amma su ci gaba da taimakon 'yan'uwansu. Kalibu yana da shekara 85 ya nemi rabonsa a ƙasar tuddai. Tsohon malami zai iya koyar da ajin baftisma ko karatun manya, tsohon akawu ya gyara lissafin baikon ikkilisiya, uwa ta riƙe amare a zumuntar mata.

Kuma ku riƙe dariyarku. Saratu ta haihu da tsufa, ta shaida cewa Allah ne ya sa ta dariya, Karin Magana 17:22 kuma ya lissafa farin cikin zuciya cikin magunguna. Ina jin daɗin tsohon sojan da kan ce a da shi ke ba da oda, yanzu gwiwa ke ba shi, ko kakar da ke tsokanar jikanta cewa mijin nan nata ya kasa kawo cefane. Masu irin wannan raha su ne na ga suna shan magani kan lokaci, suna dawowa awo, suna faɗin damuwarsu ba ɓoyo. Dattijon da ya saba barkwanci ya yi shiru, ya daina zuwa sujada, abinci ya fita ransa, a kawo mana shi. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Ga roƙona ga fastoci da dattawan ikkilisiya, daga Dirin Daji har ƙauyukanmu: ku rubuta sunayen waɗanda suka yi ritaya, a riƙa kai musu ziyara, a ba kowa hidimar da ƙarfinsa zai ɗauka. 'Ya'ya kuma, kuɗin da kuke turowa na da amfani, amma ku kira ku yi hira har tsoho ya yi dariya. Ubangiji ya ba iyayenmu tsufa mai lafiya, mu ma ya kai mu.