Yadda za a rage wa Windows nauyi a kwamfuta mai ƙaramin ma'aji

Gidaje da yawa sun saya wa yara ƙaramar laftof mai ma'ajin gigabait 32 saboda arha. Ba a jimawa sai jan layi ya bayyana a kan ma'ajin C, sabuntawa ta ƙi shiga. Irin wannan ma'aji, eMMC, a manne yake da allon kwamfutar, ba a cire shi a sa babba. Saura dabara.

1. Kafin ka taɓa komai, kwashe hotuna da takardu zuwa filas. Ka kuma sa katin memori a jikin kwamfutar, bidiyo da waƙoƙi su koma can dindindin.

2. Buɗe Disk Cleanup, ka danna "Clean up system files". A nan ake samun babban rabo. Duk lokacin da Windows ta yi babbar sabuntawa takan ajiye tsohuwarta a jakar Windows.old, wadda kan wuce gigabait 10. Bayan kwana 10 takan goge ta da kanta. Idan ka riga ta gogewa, ka rufe ƙofar komawa tsohuwar, don haka ka fara tabbatar da cewa sauti da intanet na aiki.

3. Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta powercfg /h off. Wannan yana cire hiberfil.sys, mai cin kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM. Amma kwamfutar za ta daina adana aikinka idan batir ya kusa ƙarewa. In batirin ya gaji kuma wuta ba tabbas, a koya wa yara adana aiki a kai a kai.

4. A nan dai, rubuta compact.exe /compactos:always. Yakan samar da wajen gigabait 2.

5. Jakar WinSxS za ta ba ka sha'awa saboda girmanta. Don Allah kada ka goge komai a cikinta da hannu. Windows na dogara da ita wajen gyara kanta, kuma garin neman gira sai a rasa ido. Haka nan ban yarda da Windows ɗin da wasu suka datse suka zuba a intanet ba. Ba ka san me aka cire ba, balle abin da aka cusa, ga shi a kwamfutar ake shiga asusun banki.

6. Idan duk an yi wuri bai samu ba, a haƙura da Windows. Windows 11 tana neman gigabait 64, ita kuma Windows 10 Microsoft ta janye tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. Linux Mint kyauta ce, gigabait 20 sun ishe ta, kuma tana zuwa da Firefox da LibreOffice na rubutun makaranta. A fara gwada ta daga filas kafin a girka. Ga kwamfuta mai gigabait 32, ita nake ba da shawara a sa.