Ilimin Halittu da Cinikin Doki: Abin da Hoto Ba Ya Nunawa

Gabatarwa

A da, wanda yake son doki kasuwa yake nufa, irin ta Maigatari ko Mai'aduwa, ya nemi dillali, ya zagaya dabbar, ya buɗe mata baki, sannan ya sa a sukwane ta a gabansa. A yau kuwa wani ɓangare na wannan ciniki ya koma cikin wayar hannu. Musamman idan Sallah ta gabato, sai ka ga an baza hotunan ingarmu a intanet, ga akawal, ga kili, ga danda, kowanne da farashin da ke jan hankali. Tambayar da wannan darasi yake son amsawa ita ce: idan doki ya yi araha fiye da ƙima, ta yaya mai saye zai gano dalili? Dalilin ba ya wuce ɗaya daga cikin huɗu: tsufa, ko gurgunta, ko ciwo, ko kuwa ciyarwa ce ta gagari mai shi. Na ƙarshen ne kaɗai ke iya zama sa'a ga mai saye. Sauran ukun kuwa ba sa fitowa a hoto, amma duk a rubuce suke a jikin dokin, ga wanda ya iya karantawa.

Shekarun doki a bakinsa suke

Doki dabba ce mai cin ciyawa, ciyawa kuma tana ɗauke da wani sinadari mai kaifi da ake kira silika, dangin yashi, wanda yake goge haƙori kamar yadda dutsen niƙa yake cinyewa. Saboda haka aka halicci haƙorin doki da tsawo ƙwarai, mafi yawansa a ɓoye cikin muƙamuƙi. Yana turowa a hankali, kimanin milimita 2 zuwa 3 a shekara, yana maye gurbin abin da tauna ta cinye. Ke nan fuskar haƙorin da muke gani a yau ba ita za mu gani ba bayan shekara biyar, domin a lokacin an goge an kai ga wani sashe na ciki mai siffa dabam. A kan wannan ne aka gina dukkan ilimin ƙidayar shekarun doki.

Dukushi yana da haƙoran nono 24. Babban ingarma galibi yana da 40, goɗiya kuma 36, domin ita ba ta cika yin fiƙa ba. Waɗanda muka fi buƙata su ne na gaba guda 12, shida a sama, shida a ƙasa. Haƙoran nono ƙanana ne, farare, masu siririn wuya kusa da dasashi. Na girma kuwa sun fi faɗi, launinsu ya ɗan yi rawaya. Biyun tsakiya suna faɗuwa na girma su fito a wajen shekara biyu da rabi, na kusa da su a shekara uku da rabi, na gefe kuma a shekara huɗu da rabi. Idan doki ya cika shekara 5, bakinsa ya kammala. Har zuwa wannan lokaci lissafin yana da ƙarfi sosai, da wuya ya saɓa.

Bayan haka sai a koma ga gogewa. Kowane sabon haƙorin gaba yana da ɗan rami mai duhu a tsakiyar fuskarsa, wanda farin ɓawon haƙori mai tauri, wato inamel, ya kewaye. A haƙoran ƙasa, ramin yana shafewa daga na tsakiya a wajen shekara 6, na kusa da su a 7, na gefe a 8. A daidai wannan lokaci wani ɗigo mai ruwan ƙasa yake bayyana a gaban gurbin ramin, wanda masana ke kira tauraron haƙori. Siffar fuskar haƙorin ma tana sauyawa: ta matashi mai faɗi ce kamar ƙwai a kwance, a tsakiyar rayuwa ta koma kewayayyiya, a tsufa kuma ta zama mai kusurwa uku. Haka nan idan an dubi bakin daga gefe, haƙoran matashi suna haɗuwa kusan a miƙe, na tsoho kuwa sun kwanta sun turo gaba kamar bakin hantsaki.

Akwai kuma wani tsagi da ke fitowa a jikin haƙorin gefe na sama, wanda ake jingina shi ga Sydney Galvayne, wani mai horar da dawaki da ya yayata shi a Ingila a shekarun 1880. Bisa ƙa'idarsa, tsagin yana ɓullowa daga dasashi a shekara 10, ya kai rabin haƙori a 15, ya kai ƙarshe a 20, sannan ya fara shafewa daga sama. To amma a nan sai an yi hattara. Binciken da likitocin dabbobi suka yi a Ingila da Beljiyam a shekarun 1990, inda suka gwada waɗannan alamomi a kan dawakin da aka san ranar haihuwarsu, ya nuna cewa kuskure yana ƙaruwa yayin da doki ke manyanta. Irin abinci da irin dokin duk suna sauya saurin gogewa. Dokin da ke kiwo a ƙasa mai rairayi, kamar yawancin namu na Arewa, yana tauna yashi tare da ciyawa, don haka haƙoransa na iya nuna ya girmi shekarunsa. A ganina, duk wanda ya leƙa bakin babban doki ya ce maka shekararsa 13 daidai, ƙarfin hali kawai ya yi. Abin da haƙori zai iya gaya maka shi ne ko dokin yaro ne, ko matsakaici, ko tsoho, wannan kuwa ya wadatar a wurin ciniki.

Masu maguɗi ma sun san wannan darasi. Tun ƙarnonin baya a Turai ake samun masu huda fuskar haƙorin tsohon doki, su ƙona ramin ya yi baƙi don ya yi kama da na ɗan shekara 6. Asirinsu yana tonuwa ta hanya biyu: ramin jabu ba shi da zoben inamel a gefensa, kuma ba a iya miƙar da haƙoran da suka riga suka kwanta.

Kafin a rufe bakin, a duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. A danna shi da yatsa ya yi fari, a saki. Ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashi fari fat alama ce ta ƙarancin jini, wanda tsutsar ciki ko sammore ke haddasawa. Idan ya yi rawaya kamar mai shawara, a yi zargin cutar da kaska ke yaɗawa, wadda ƙwayoyinta ke shiga jajayen ƙwayoyin jini su farfasa su.

Ƙafa, numfashi da bugun zuciya

Doki a kan yatsa ɗaya yake tafiya a kowace ƙafa, kofato kuwa farcen wannan yatsa ne. Ƙafafun gaba suna ɗauke da wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin jiki, shi ya sa gurgunta ta fi yawa a can. A sa wani ya ja dokin da ragama, ba sirdi ba mahayi, yana sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya nufo ka sannan ya juya. Idan wata ƙafar gaba tana ciwo, za ka ga yana ɗaga kai duk lokacin da ta taɓa ƙasa, ya sauke shi idan mai lafiyar ta taka. Yana yin haka ne don ya rage mata nauyi. Kofato yana tsirowa kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, yana ɗaukar kusan shekara guda kafin ya sabunta daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka zobba masu zurfi a jikinsa tarihi ne na zazzaɓi, ko yunwa, ko kumburin cikin kofato da yawan cin hatsi ke kawowa. Sai dai a sani cewa allurar kashe zafi tana iya ɓoye ɗingishi na wani ɗan lokaci. Maganin wannan shi ne a koma ganin dokin karo na biyu ba tare da an sanar ba.

Babban doki da ke hutawa, zuciyarsa tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, ana jin bugun a jijiyar da ta ratsa ƙarƙashin muƙamuƙi. Yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti, zafin jikinsa kuma tsakanin digiri 37.5 da 38.5 ne a ma'aunin Salshiyas. A auna kafin a motsa shi, a sake aunawa bayan sukuwa, a lura da yadda yake saurin komawa daidai. Dokin da ya daɗe yana haki, ko yake matse ciki sau biyu kafin ya fitar da numfashi ɗaya, huhunsa ba lafiya.

Cututtukan da ake saye tare da doki

Wasu cututtukan ba a kan dokin kaɗai suke tsayawa ba, barga duka suke shiga. Akwai annobar dawaki ta Afirka, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da almuru kuma suke yaɗa ta. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi, da kumburin ramin da ke saman ido, da kumfa daga hanci, kuma a cikin dawakin da ba su da rigakafi tana iya kashe fiye da kashi 70 cikin ɗari. Akwai kuma ciwon da wata ƙwayar fangas ke jawowa, mai fitar da ƙuraje a jere kamar carbi a ƙafa ko wuya, suna fashewa suna zubar da mugunya; yana da wuyar magani, yana kuma bin sirdi da kayan shara ya kama wani dokin. A ƙarshen 2018 da farkon 2019, murar dawaki ta ratsa Afirka ta Yamma, ciki har da jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, ta kashe dubban jakuna. Saboda irin wannan ne ake kafa wa sabon doki turkensa nesa da sauran har tsawon mako uku, da bokitinsa dabam. Wasu ƙwayoyin kuma suna zaune cikin jinin dokin da ake gani garau, sai gwajin jini ne ke nuna su. Ana yin irin wannan gwaji a asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom.

Lissafin ciki

A ce dokin ya tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje. Saura ciyarwa. Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girmansa, bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma doki ba ya iya amai. Ainihin narkar da ciyawa a can baya ake yin sa, cikin wata babbar jakar hanji da babban hanji, inda ɗimbin bakteriya ke sarrafa ta. Wannan tsari yana buƙatar abinci kaɗan-kaɗan dare da rana. Idan aka bar doki da yunwa sannan aka cika masa akushi da gero, ko aka sauya masa abinci farat ɗaya, bakteriyar sai su rikice, iska ta taru, ciwon ciki ya tashi, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe dawaki. Wanda ya sayi ramammen doki yana ɗokin ya ga ya murmure kafin hawan Sallah, shi ne ya fi kowa faɗawa wannan tarko.

Doki yana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa kowace rana, mafi yawansa harawa da ingirici, sai ɗan dusa da hatsi gwargwadon aikinsa, ga ruwa lita 20 zuwa 40, fiye da haka ma a bazara. Yana kuma iya rayuwa shekara 25 zuwa 30.

Ga aikin da malami zai iya yi da ɗalibansa, da izinin mai doki kuma a gabansa. A sami tef irin na tela, a auna kewayen ƙirjin dokin daidai inda majayi ke zama, sannan a auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. A ninka kewayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Amsar ita ce ƙiyasin nauyi da kilogiram. Alal misali, dokin da kewayen ƙirjinsa ya kai 160, tsawonsa 140, nauyinsa wajen kilogiram 300 ne. Zai ci kilogiram 6 a rana, wato kilogiram 2,190 a shekara. Daga nan sai ɗalibai su auna nauyin damin harawa ɗaya, su tambayo farashinsa a kasuwar garinsu, na kaka da na bazara, su haɗa da kuɗin dusa da kanwa da maganin tsutsa da yankan kofato, sannan su lissafa wata nawa za a yi kafin jimillar ta kai kuɗin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton dokin.